Gwiwar da Ba Ta da Ciwo

Shekara goma sha tara na yi ina ɗaure ƙafafun 'yan ƙwallon kwando, har sunana na yanka ya ɓace, kowa Bandeji yake ce min. Aikina ba na alfahari ba ne. Ina da ɗan ɗaki a bayan filin wasa, da gado mai katifar roba, da bokitin ƙanƙara, da kwalaben man zafi, da almakashi biyu. Kafin wasa su zo su miƙo min ƙafa in naɗe, bayan wasa su dawo in kwance. Ni ba likita ba ne, amma yatsuna sun san gwiwa kamar yadda makaniki ya san kukan inji. Ina faɗar haka tun yanzu ne don kada wani ya yi min uzuri a gaba, ya ce ban sani ba. Na sani sarai.

Falwaya yana da shekara goma sha takwas ya zo ƙungiyarmu. Ranar farko ya shigo ɗakina ya ƙwala goshi da saman ƙofa, washegari ya sake, jibi ma haka. Da na ga yaron nan zai fasa kai kafin ya jefa ƙwallo ɗaya, na yanko guntun soso na ɗaura a wurin. Dogaye mun gani da yawa, wasu ma tsawon ne kawai, in ka ba su ƙwallo sai su riƙe ta kamar an ba su ajiyar jariri. Shi daban ne. In ya taso da gudu, ya doka ƙafar hagu a ƙasa ya tashi, sai ya ajiye ƙwallon a kwando a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Wannan ƙafar hagun ita ce jarinsa. Da ita ya ci mana kofi uku, da ita ya zama kyaftin, da ita yara suka fara rubuta lambar rigarsa da alli a bayan rigunansu.

Ita kuma Auta ƙanwata ce, ni na riƙe ta tun bayan rasuwar iyayenmu. Tela ce, tana da shago a bakin titi mai keken ɗinki biyu. Wata rana Falwaya yana min kukan wando, wai duk wanda ya saya a ƙwaurinsa yake tsayawa, na tura shi wurinta. Auta 'yar guntuwa ce, sai da ta hau kujera ta gwada kafaɗarsa. Daga wando ɗaya aka koma biyu, aka koma biyar, har na ce masa, "Kai, ƙafa nawa gare ka ne?" Bayan shekara guda suka yi aure. Daga ranar ya daina ce min Bandeji, ya koma Yaya kamar yadda take faɗa. Na ji daɗin sunan nan fiye da yadda na nuna.

Yana da shekara ashirin da bakwai abin ya faru, a wurin horo, da safe, ba kowa a kujerun 'yan kallo. Ya sauko daga tsalle ya ɗan yi turus, ya ci gaba kamar ba komai. Da aka tashi ya jira kowa ya watse, ya shigo ɗakina ya murza makulli.

"Yaya, taɓa min nan."

Na kama gwiwar hagun, na riƙe cinya da hannu ɗaya, na ja ƙwauri da ɗayan. Ta biyo ni. Gwiwa mai lafiya ba ta biyo ka, tana tirjewa. Wannan lako-lako take kamar ƙafar tsohuwar kujera.

Na ce, "Jijiya ta taɓu. Gobe ka ga Likita. Wata uku kana kwance, wataƙila a yi ɗan aiki, ka dawo garau."

"Wata uku?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka taɓa ganin wanda Koci ya zaunar wata uku ya sake tashi?"

Ban taɓa gani ba, gaskiya ce. Kuma a watan nan aka kawo wani sabon dogo ɗan shekara ashirin, yana zaune a benci yana lasar baki.

Na ce, "To in ɗaure maka ita sosai, mu ga abin da hali zai yi."

"A'a. Ɗaure ta dama."

"Ta hagun ce ke ciwo. Ko ƙwallo ta buge ka a ka?"

"Yaya, kai ma ka san halin 'yan wasa. Kafin a busa usur ƙafafu suke kallo."

Nan ma gaskiya ya faɗa, kuma duk wanda ya yi sana'ar nan ya san da haka. Abokan karawa ba fuskarka suke duba ba, bandejinka suke nema. Inda suka ga fari a naɗe, nan za su yi ta jingina, nan gwiwarsu za ta riƙa kuskurewa, alƙalin wasa kuwa ido biyu kawai gare shi. Dabararsa ita ce a ba su gwiwar da za ta iya ɗaukar duka, a bar mai ciwon a cikin doguwar safa baƙa, ba mai waiwayarta.

Na ce ba da ni ba. Ya zauna a bakin gadon, kansa ya kusa taɓa fanka, ya ce, "In na bar kwando me zan yi da wannan tsawon? In riƙa bin gidaje ina cire wa mutane yana a silin? Wasa uku kawai, Yaya. Mu wuce ukun nan, ni da kaina zan je wurin Likita."

Na ɗauko bandeji na naɗe gwiwar dama. Kuma bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba tausayi kaɗai ya sa ni ba. Dabarar ta burge ni. A wasan farko na zauna a ƙarshen benci ina kallon ƙattin nan suna ta dukan lafiyayyar ƙafa, an bar jaki ana dukan taiki, ina dariya a cikina kamar ni na fi kowa wayo a filin. Ya jefa ƙwallo ta shiga sau goma sha ɗaya a ranar.

Wasa uku suka zama kakar wasa, kakar wasa ta zama shekara huɗu.

Za ka ce ina likitan ƙungiya? Yana nan. Farkon kowace kaka yake zuwa, ya duba mutum ashirin kafin azahar. Ya ga bandeji a dama, ya tura dama a ɗauki hoto, ya ɗaga hoton a taga ya ce ba abin damuwa, a ci gaba da ɗaurewa. Ban ga laifinsa ba. Mutum ya nuna maka inda ke masa ciwo, za ka ce ƙarya yake?

Bayan kowane wasa mukan kulle ƙofa, in kwance bandejin banza, in tula wa ta hagun ƙanƙara har kumburin ya saɓe, ya haɗiyi ƙwaya biyu, in mayar da bandejin banza, ya tafi gida. Koci da 'yan wasa da 'yan jarida duk ba su dame ni ba. Wadda ta dame ni tana gida.

Ranar farko da ya koma da bandeji, Auta ta gani ta ɗora ruwa a wuta. Ta durƙusa a gabansa da roba da tawul ta gasa gwiwar dama. Ya ce min ya buɗe baki zai faɗa mata, sai ya ga yadda ta duƙufa, ya ce bari sai gobe. Da na matsa masa ya ce, "Ka san ƙanwarka. Ba ta iya ɓoye abu a fuska ba. A cikin matan 'yan wasa take zama, duk faɗuwar da na yi idonta zai tafi kan ta hagu, kowa ya gane. Kuma in ta sani, wallahi ɗaure ni za ta yi a gado." Wannan ma gaskiya ce. Abin haushin Falwaya ke nan, duk ƙaryar da ya gina da tubalin gaskiya ya gina ta.

Haka ta ci gaba, kullum bayan ta rufe shago. Ta ɗinka wa gwiwar dama ɗan matashi daga ragowar yadi, shuɗi mai ratsin fari. In za su hau bene ta koma damansa ta ce ya dafa ta, nauyinsa duka ya koma kan ta hagu. 'Yarsu tana fara tafiya aka koya mata doka ɗaya: ba a hawa ƙafar Baba ta dama. Wata Asabar na je gidan, muna zaune a falo, yarinyar ta taho da gudu ta daka tsalle ta dira a kan gwiwar hagu, ta hau sukuwa. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Yana dariya, yana mata waƙar doki, hannunsa ɗaya ya damƙe hannun kujera har jijiyoyi sun fito. Auta ta leƙo daga kicin ta ce, "Yawwa 'yar albarka, wannan ce taki, waccan ta Mama ce."

Aka kawo abinci na ci. Har ƙari na yi.

Sau ɗaya ta ba ni dama a hannu. A shekara ta uku ta biyo ta ɗakina da tsakar rana, tef ɗin awo a wuyanta, ta zauna a bakin gadon.

"Yaya, tambaya gare ni. Gwiwar nan kullum ina gasawa, ban taɓa ganin ta kumbura ba, in na danna ba ya ko motsi. Amma in ya tashi daga kujera sai na ga ya cije leɓe. Anya ba wani abu a ciki da ba a gani ba?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma huɗu kawai zan faɗa. Na juya baya ina jera kwalabe na ce, "Hannunki ne ke da albarka, Auta. Ba don gashin da kike yi ba da tuni ta kumbura. Ki ci gaba."

Ta yi murmushi har kunne. Ta ce, "Allah ya bar min kai, Yaya." Na ce amin. Cikin duk abin da na aikata a shekarun nan, wannan amin ɗin ce take hana ni sakewa har yau.

A shekara ta huɗu gwiwar ta fara magana. In na lanƙwasa ta sai in ji ƙuras-ƙuras a tafin hannuna, kamar an zuba yashi a ciki. Na ajiye almakashi na ce masa na gama, ko ya faɗa ko in faɗa.

"Saura wasa shida kaka ta ƙare. In ajiye riga da mutuncina, a tafa min, in koma gida in faɗa mata da bakina. Kada ta ji a bakin wani, Yaya, ko da kai ne."

"Haka ka ce wasa uku."

"Wannan karon na rantse."

Na sake ɗauko bandeji. Wanda ya yi shekara huɗu yana haƙa rami, wasa shida ba su yi masa yawa ba.

A na biyu cikin shidan ne. Ba wasan kofi ba ne, ba wani babban wasa ba, ranar Lahadi da la'asar, rabin kujeru ba kowa, muna gaba da maki ashirin. Ba wanda ya taɓa shi. Ya taso shi kaɗai, ya doka ƙafar hagu, ya tashi, ya ajiye ƙwallon a kwando yadda ya saba. Da ya sauko na ji ƙarar daga inda nake, kamar an karya busasshen icce. Ya zube.

Kafin in kai, masu ɗaukar marasa lafiya sun riga ni, sun kama ƙafar da ke da bandeji suna shirin ɗaura mata katako. Auta ta keto ta cikin mutane ba takalmi a ƙafarta. Ta faɗi a gefensa na hagu, ta miƙa hannu za ta kai ga gwiwarta da ta saba, ta dafa ta hagun da dukkan nauyinta don ta tsallaka.

Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa daga bakin babban mutum ba.

Ta janye hannu ta ce, "Ban taɓa ta ba. Wallahi ban kai gare ta ba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na durƙusa na ce wa masu katakon, "Ku saki wannan. Ta hagun ce."

Ɗayansu ya ce, "Ga bandeji a nan, malam."

"Na sani, ni na ɗaura. Lafiyarta ƙalau. Ta hagun ce, tun da can ita ce."

Na sa almakashi na tsarge baƙar safar. Koci yana tsaye a kaina yana zagi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Auta nake kallo. Ta dubi gwiwar, ta dubi bandejin, ta dube ni. 

Washegari da safe likitan ƙashi ya kira mu ofishinsa, ni da ita. Dattijo ne mai magana a hankali. Ya liƙa hotuna a jikin fitila ya nuna da biro.

"Wannan ba ciwon jiya ba ne. Jiya dai ta ƙarasa. Jijiyar ta daɗe da tsinkewa, ƙashi yana ta cin ƙashi, ya kai shekara uku ko huɗu. Da a lokacin aka kawo shi, ƙaramin aiki ne da hutun wata uku. Yanzu za mu sa ƙarfe. Ƙafar za ta ɗauke shi, da sanda, amma ba za ta ƙara lanƙwasawa yadda kuka sani ba. Maganar wasa kuma a bar ta." Ya cire tabarau ya dubi Auta. "Ke ce matarsa? A gida ba a yi mata komai ne?"

"Ina gasa masa kullum."

"Wannan ɗin?"

"A'a," in ji ta. "Waccan."

Likitan ya buɗe baki, ya dube ni, ya mayar da tabaransa.

Koci ya sallame ni a satin, ban yi musu ba, na miƙa makulli. Sosona yana nan a saman ƙofa, sabon dogon yana amfana. Ƙungiya ta sa rigar Falwaya a gilashi ta aika masa gida, 'yan jarida suka rubuta cewa jarumi ne, ya yi shekara huɗu yana wasa da ƙafa ɗaya. Na karanta na yaga takardar. Jarumtar da ake yi a kan gwiwoyin mace tana durƙushe, a kai kasuwa.

Sati shida ban taka gidan ba. Ranar da na yi ƙarfin hali na je, da yamma ne, lokacin da take dawowa daga shago. Ita ta buɗe ƙofa.

"Sannu da zuwa, Bandeji. Shigo."

Tun tana koyon magana ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Yaya. Da mari ta yi min da ya fi sauƙi.

Yana zaune a doguwar kujera, ƙafar hagu a miƙe a kan tebur, an cire ɗinki, sanda a jingine a bango. Ya rame, tsawon ya zama kamar kayan aro. Muka gaisa sama-sama. Rigar gilashin tana ƙasa a bayan ƙofa, ba wanda ya rataye ta.

Can sai ga Auta da roba da tawul da butar ruwan zafi, likita ya ce a fara gashi. Ta durƙusa a gabansa, ta tsoma tawul ta matse. Ina kallo hannuwanta suka tafi da kansu, suka sauka a kan gwiwar dama. Sai da ta danna sau biyu ta farga. Ta tsaya cak, tawul yana ɗiga a kan wandon da ta ɗinka masa.

"Wacce zan gasa?" ta ce, ba ta ɗago ba. "Ku faɗa min. Ku biyu ne masana."

Falwaya ya ce, "Auta, don Allah..."

"Ba faɗa zan yi ba, na gaji." Ta ajiye tawul. Ta buɗe tafin hannunta, ta sa babban yatsa a gwiwar dama, ta miƙa na tsakiya har ya taɓa ta hagun, yadda take auna yadi in tef ya ɓace mata. "Taƙi ɗaya. Ka gani, Bandeji? Na auna ya fi sau ɗari tun da muka dawo. Ƙaryar ba ita ta fi ci min rai ba. Shekara huɗu mijina yana jin ciwo a gabana, ga ruwan zafi, ga hannuna, taƙi ɗaya tsakani. Ba wanda ya ga na isa ya ce min matsa nan."

 

Ta jawo robar zuwa hagu. Ta ɗauko ɗan matashin nan shuɗi mai ratsin fari, ta ɗaga ƙafar a hankali ta saka shi a ƙarƙashi. Ta ƙara ruwan zafi, ta matse tawul, ta ɗora a kan tabon.

Falwaya ya yi nishi. Nishi mai ƙarfi, mai tsawo, irin wanda ni kaɗai na saba ji a bayan kulallen ɗaki. Karo na farko ke nan da ya yi shi a cikin gidansa. Auta ta ji, hawaye yana sauka a cikin robar, amma ba ta ɗauke hannu ba.

"Nan ne?" ta ce.

"Nan ne."

Na tashi na ɗauki hulata. Na kai bakin ƙofa na ɗan tsaya, ko za ta ce Yaya ka gaida gida, yadda ta saba. Ruwa kawai na ji tana matsewa. Na jawo musu ƙofar a hankali na sauka.